Famfas da Zafin Maiduguri

Duk wanda ya zauna a Maiduguri ya san watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Mu manya muna neman inuwar darbejiya muna fifita, shi kuwa jariri yana nan ɗaure cikin famfas. Ni da nake rainon 'ya'yan yayata duk hutu, na sha ganin yadda ƙurajen famfas kan hana yaro barci, uwa ma ta kwana zaune.

Asalin abin danshi ne. Idan fitsari ya haɗu da kashi suka jima a jiki, sai su riƙa cin fata, ta yi laushi, gogar famfas kuma ta saɓe ta. In yaro yana gudawa abin ya fi muni.

Ba na ganin laifin iyaye mata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, har da famfas. Uwa takan sayi ɗaya a wurin mai shago, ta ɗaura da safe, ba za ta cire ba sai la'asar. To amma fa kakanninmu da ƙunzugu suka yi raino, yaro yana jiƙa shi a sake wani, a wanke a shanya a rana. A ganina, gara a ajiye famfas don unguwa da dare, da rana a shimfiɗa yaro ya sha iska.

In ƙurajen sun fito, a wanke wurin da ruwa zalla, a tsane da kyalle mai laushi ba tare da gurzawa ba, sannan a shafa basilin ko man zinc oxide da kauri. Hoda kam a bar ta, yaro yakan shaƙe ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mayukan nan masu haɗin magani uku da ake saya a kemis ko Monday Market. Akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu. Jan yakan lafa da sauri, uwa ta yi murna, alhali fatar tana sirancewa, maganin kuma yana shiga jikin jariri tunda wurin a rufe yake.

Idan kwana uku suka wuce babu sauƙi, ko ja ya shiga lungun cinyoyi da ƙananan ɗige-ɗige a gefe, wataƙila fangas ne, maganinsa daban. In kuwa da zazzaɓi ko ruwan mugunya, sai asibiti a ranar.