Dare Ɗaya a New Morning

Duk wanda ya yi karatun boko a Damagaram ya san yadda Paris ke shiga zuciyar yaro tun bai san hanyar Yamai ba: matan da ke tafe cikin baƙar riga da ƙamshin turare, mazan da ke shan gahawa a bakin titi ba su gaggawar komai. Da wannan begen na girma, shi ne kuma ya raka ni cikin jirgi har filin Charles de Gaulle.

Amma abin da ya sa na sayi tikiti murya ce, muryar Dee Dee Bridgewater, haifaffiyar Memphis ta Amurka wadda ta koma Faransa da zama a 1986.

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Gare du Nord, na gangara da ƙafa. Ta unguwar Château d'Eau na bi, inda shagunan kitso na 'yan Afirka suka jeru, samari na ta kiran masu wucewa. New Morning, inda Dee Dee za ta yi waƙa, na nan kusa, a titin Petites-Écuries. Tsohuwar maɗaba'a ce aka mayar gidan kiɗa a 1981, ƙofarta ba ado ko kaɗan. A nan aka ɗauki faifanta na Live in Paris, wanda na saurara har na haddace inda take jan numfashi.

Da ta fito, kai a aske ƙwal, manyan 'yan kunne na lilo, sai ɗakin ya ɗauki sowa. Ta fara a hankali, tana jan baiti tana sakinsa bayan mai fiyano ya wuce, ta kamo shi daidai gaɓa. Can sai ta ajiye kalmomi gaba ɗaya, ta dunƙule hannu a baki, ta mayar da maƙogwaronta ƙaho. Mai ganga ya yi mata tambaya da sanduna, ta ba shi amsa, ya ƙara, ta ninka masa. Tsigar jikina ta tashi. Wata dattijuwa Bafaranshiya da ke gefena, da ɗankwalin siliki a wuya, ta kama hannuna ta matse ba ta ma sani ba.

Wannan ita ce ƙwalisar da na zo nema, kuma a wurin matar da ta je har Bamako ta yi faifan Red Earth da makaɗan Mali, wanda ya fito a 2007, na same ta. Da aka tashi, tafukana sun yi ja don tafi, na bi sahun jama'a muna rige-rigen jirgin ƙarƙashin ƙasa na ƙarshe.