Tafasa Ko Rai-Ɗore? Abin Da Na Gano A Gwadangaji

Suna ne ya kai ni Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, inda aure ya kai aminiyata. Washegari na dame su sai na ga gulbi, don ni Bakanuwa ruwan Tiga kaɗai na sani. Surukarta, Inna, ta raka ni da jikanta ɗan shekara huɗu.

Fadamar Rima kuwa sai wanda ya gani. Shinkafa kore shar, kainuwa ta rufe ruwa, ga bado ya baza fararen furanni. Inna ta ce 'ya'yansa da saiwarsa duk ana ci, sun sha riƙe mutane lokacin yunwa.

Ni da iyayi sai na hango ganye, na cika gyalena, wai kwaɗon tafasa zan yi.

"Ɗiyata, mi kit tsinko? Wanga rai-ɗore na!"

Ta nuna min: ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, kwansonta siriri kamar lauje. Na rai-ɗore kuwa mai tsini ne, in an murza sai wari, 'ya'yansa kuma suna illata hantar yara.

Muna cikin haka na waiga, sai ga yaron ya fasa wani ƙwallo mai ƙaya-ƙaya zai kai baki. Zaƙami! Wallahi ban san sanda na buge hannunsa ba. Inna ta buɗe bakinsa ta duba har ƙarƙashin harshe, babu komai. Ta goya shi muka juyo gida gwiwoyina na rawa, gyalen ma can na baro shi.