Motar Baba ba ta sayarwa ba ce

Tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, Peugeot 504 ɗinsa take ajiye ƙarƙashin dogon yaro a gidanmu na Maraɗi, ta zama abin gardama tsakanina da ƙanena. Shi yana so a sayar. Ni kuwa na ƙi, na kuma daɗe ban iya faɗin dalili ba.

Kwanan baya a Yamai ya kai ni ganin Porsche 911 ta wani abokin cinikinsa, wai don in san abin da ake kira mota. Gaskiya ɗaya ce, na sha mamaki. Injinta mai silinda 6 a baya yake, tana iya kusan kilomita 300 cikin awa guda, ga ta manne da gudro kamar ƙadangare. Da aka taka ta sai da na yi salati. Amma da muka shiga lungun unguwa, mai ita ya tsaya ya ce mu ƙarasa a ƙasa, kada rairayi ya kama cikinta. Kujerun baya kuwa, ko ɗan lakkol sai ya naɗe ƙafa.

Ita 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci gasar Safari a Kenya a 1975. Tamu haɗin Kaduna ce, ta biyo ta Katsina da Ɗan Isa. Ba ta da gudun a zo a gani. Abin da take da shi ciki ne mai nisa da ƙasa, da injin da kowane makanike na tasha ya san hanjinsa. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan gyara na Turai suka yi tsada, da kayan Najeriya da guduma Baba ya ci gaba da tafiyar da ita. Porsche in ta yi tari, sai an nemo kwamfuta.

Mu takwas 504 take ɗauka zuwa Tasawa gaisuwar salla, har da buhun hatsi a dawowa. Ita ce kuma ta kai innarmu asibiti cikin dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ranar da aka haifi shi wannan mai son a sayar.

Da na tuna masa haka, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce: "Yaya, nawa ake sayar da batir yanzu?"