Mai Kaki, Yi Sallama Kafin Ka Shigo

A wannan watan ina so mu taɓa wata magana da muka saba bar wa maza a majalisa, alhali mu ta fi shafa, wato zaman da ke tsakaninmu da 'yan sanda da sojoji.

Duk wadda ta zauna a Kano a 2012 ba za ta manta ba. Bayan harin ranar Juma'a 20 ga Janairu, wanda ya ci rayuka sama da 180, har da 'yan sanda da dama, sai shingaye suka cika gari. Mai babur ya sauka ya tura, ke kuma ki bi shi a ƙasa, ko da goyo ko da tsohon ciki. Ban ga laifinsu a kan tsoro ba. Su ma 'ya'yan wasu ne, kuma abokan aikinsu aka kashe. Abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne tsawa da wulaƙanci, a sa dattijo tsallen kwaɗo a gaban jikokinsa.

Lokacin ina kwaleji, akwai wani soja a shingen da nake bi. Hausarsa ma ba ta nuna ba, amma sai ya ce, "Malama yi haƙuri, buɗe jakar da kanki." Binciken ɗaya ne da na sauran, jiran ma ɗaya. Amma da azumi ya zo, shi ne matan unguwar suke aika wa kunu da ƙosai. Sauran kuwa ko ruwa babu mai tunawa da su.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Labarin da jami'an tsaro suke nema ido rufe, yawancinsa a hannun mata yake. Mu muka san baƙon da ya kama ɗaki a maƙwabta ba ya fita sai dare, mu muka san yaron da ya fara shigowa da kuɗin da ba a san tushensu ba. To wace uwa ce za ta kai wannan magana wurin wanda ya taɓa banke mata ƙofa da ƙafa, ya same ta ba mayafi? A aji ina koya wa 'yan shekara bakwai ladabin neman izinin shiga gida da ke cikin Suratun Nur. In aiki ya kama a binciki gida, me zai ragu in an yi sallama, an faɗi dalili, an ba mata minti biyu su suturta jikinsu, an taho da jami'a mace?

Wani abin takaicin ma, dokar tana tare da mu, bin ta ne ake ƙi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, don haka babu hujjar tafiya da uwa ko matar aure saboda ba a samu wanda ake nema ba. Mace ce ya kamata ta caje mace. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ba za a hana mace tsaya wa mutum beli don kawai ita mace ce ba. Su kansu kuma suna rubutawa a bangon caji ofis cewa beli kyauta ne. Duk ranar da talaka ya karanta wannan rubutu sannan aka ce ya kawo na goro, an koya masa cewa maganar hukuma ba abar kamawa ba ce.

Sai kuma amsa laifi. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu, da yawansu mata da yara. Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa ita ce, shugabanta na lokacin, marigayi Janar Lagbaja, ya taka har garin ya ba da haƙuri. Wannan bai dawo da rai ko ɗaya ba, amma ya fi musun da aka saba. A ganina haƙurin ba ya cika sai jama'a sun ga hukunci da diyya da idonsu.

Mu ma akwai namu. Yaro ya ƙi cin tuwo, sai a ce za a kira masa soja. Ya ƙi wanka, ɗan sanda na zuwa. Ranar da ya ɓace a kasuwar Kwari, mutumin da ya kamata ya ruga wurinsa shi zai guje wa. Ni dai ina sa ɗalibaina su haddace lambar wayar mahaifinsu da sunan unguwarsu, ina kuma gaya musu in sun ɓace su nemi mai kaki.

A taron malamai da ya wuce na kawo shawarar mu gayyaci DPO na yankinmu walimar saukar bana, ya zauna cikin iyaye ba tare da bindiga ba, ya miƙa wa yara allunansu. Wasu sun ce iyaye za su tsorata su ƙi zuwa. Shugaban makaranta dai ya ce a rubuta takardar.