Hannun Mai Yaji

A Miga kowa yana da mai tsirensa da mai kifinsa. Naman ɗaya ne, tarwaɗa da ƙarfasa kuma daga Kogin Haɗejia ake kamo su, amma mutum zai wuce tukuba biyu ya tsaya a ta uku. Yaji ne ke jan ƙafarsa. Wani yakan yawaita ƙuliƙuli, wani citta da kanumfari, wani masoro da kimba, kuma ba mai bayyana awonsa.

Wannan ne ke zuwa mini a rai duk sanda na ga garin kori a 'yar leda, wanda matanmu ke barbaɗawa a dafa-duka. Mun ɗauke shi ɗanɗanon Indiya guda ɗaya. A can kuwa kowane gida da haɗinsa. Uwargida takan soya kurkum da citta da barkono da sauran kayan ƙamshi daidai da abin da za ta dafa. A Kerala, bakin teku, kifi ake dafawa da madarar kwakwa. A Fanjab, miyar takan yi kauri da albasa da tumatir. Gari ɗaya mai shiga kowace tukunya, a ƙarni na 18 aka fara sayar da shi, Turawan Ingila kuma suka yaɗa shi ƙasashen da suka mulka.

Ba na ƙin korin leda, yana sauƙaƙa girki. Fatana dai yaranmu su zauna kusa da turmi, su koyi dakan yaji daga iyayensu tun masu sanin awon suna raye.