Kogin da Ke Gudana a Saman Huancayo

Da asuba muka bar Lima, babban birnin Peru. Kafin azahar mota ta hau tsaunin Ticlio, sama da mita 4,800, inda numfashi ya soma gagarata, kai na sara kamar ana daka. Wata dattijuwa da ke gefena ta miƙo mini ganyen koka, ta yi mini alama in tauna. Ban yi musu ba.

Da la'asar sakaliya muka gangara kwarin Mantaro. Washegari na nufi tashar auna maganaɗisun ƙasa ta Huancayo, wadda ke aiki tun 1922. Ba wani ginin a-zo-a-gani ba ne, 'yan ɗakuna ne a tsakiyar gonaki. Sai da na ajiye makulli da waya kafin in kusanci na'urorin, domin ko ɗan guntun ƙarfe yana ɓata awo.

A nan aka fara lura cewa da rana tsaka awon yakan yi tsallen da ba a saba gani a wasu tashoshi ba. Ashe wutar lantarki ce ke malala gabas kamar kogi, wajen kilomita 100 a sama, faɗinta kusan kilomita 600, tana bin layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu. A 1951 masanin kimiyya Sydney Chapman ya raɗa mata suna "equatorial electrojet".

Wani ma'aikaci ya buɗe mini awon 10 ga Mayu, 2024, ranar da guguwar rana mafi ƙarfi tun 2003 ta bugi duniya. Layin ya hargitse kamar zanen yaro.

"Malam, duka biyu take yi," in ji shi. Na farko nan take: ƙarfin lantarki ya kutso daga ƙuryar arewa da kudu, cikin mintuna kogin ya cika ya batse. Na biyu sai bayan sa'o'i: iskar da ta ɗumama a can ta gangaro, ta rage masa gudu, wani lokaci har ta juya shi yamma. A irin wannan hali GPS kan yi ƙarya, rediyon gajeren zango ya shaƙe.

Da zan tafi ya nuna mini taswira. Na bi layin da kogin ke bi da yatsa, ya ƙetare tekun Atlantika, sai ga shi ya ratsa arewacin Najeriya. Wannan kogi ne Farfesa Cyril Onwumechili ya yi shekaru yana nazari tun daga Ibadan. Na yi dariya ni kaɗai. Kogin da na sha ciwon kai don in gani, kullum da hantsi ta saman gidanmu yake wucewa.