Yini Guda a Makarantar da Yara Ke Koyo da Hannunsu

Da sassafe na hau jirgin ƙasa daga Los Anjelis na nufi San Diyego, can kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka. Tafiyar kusan awa uku ce, kuma a wani wurin layin dogon yana bin gaɓar teku, har ka ga kamar ruwa zai fantsamo ta taga. Abin da ya kai ni shi ne High Tech Middle, makarantar 'yan aji 6 zuwa 8, wato sa'annin 'yan ƙaramar sakandare a wurinmu. Na daɗe ina jin cewa a can da aikin hannu da bincike ake koyar da darasi, na ce gani ya kori ji.

Makarantar tana unguwar Point Loma, a tsohon sansanin horar da sojojin ruwa da aka rufe a 1997. Filin jirgin sama na kusa, shi ya sa in jirgi ya tashi sai mai magana ya dakata har rugugin ya wuce. Uwar makarantar, High Tech High, an buɗe ta a 2000 ƙarƙashin jagorancin Larry Rosenstock, lauya wanda ya yi shekaru yana koyar da kafinta. Ba a biyan kuɗin makaranta, ba a kuma yin jarrabawar shiga. Ƙuri'a ake jefawa bisa unguwanni, domin ɗan mai hali da ɗan talaka su zauna aji ɗaya.

Wata yarinya ce ta zagaya da ni, don a nan ɗalibai ne ke tarbar baƙi. Yawancin bangon azuzuwan gilashi ne, sauran bangon kuma cike da ayyukan yara. A wani aji na tarar da su ƙungiya ƙungiya suna harhaɗa kayan wasa na katako masu juyawa. Wannan na riƙe da magwaji, wancan na lissafin yawan haƙoran da kowace ƙafa ke bukata, wata na rubuta bayani. Lissafi da kimiyya da rubutu duk sun haɗu a aiki guda na makonni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gyara. Yarinyar ta nuna mini zanenta na farko, da na biyu, da na uku, kowanne da shawarwarin 'yan ajinsu a gefe. Na tambaye ta me ya sa ta sha wannan wahala, ta ce ai ranar baje koli iyaye da mutanen gari za su zo, kuma ita ce za ta tsaya ta amsa tambayoyinsu. Nan na tuna yaron tela a kasuwa: ba ya ɓata ɗinki, domin ya san mai riga zai zo.

Ban bar malaminsu ba sai da na taso da abin da ke damuna: ina manhaja? Bai ɓoye ba. Ya ce zurfafawa a abu guda kan rage yawan abin da za a taɓa, kuma lissafi na bukatar darasi da maimaici irin na gargajiya. Ya ƙara da cewa malamai na haɗuwa da safe kafin yara su iso, su tsara aiki tare, in ba haka ba sai abin ya koma wasa.

Da yamma na koma tasha ina juya maganar. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1918 William Kilpatrick ya yi rubutu a kansa a Amurka. Ba kowane yaro zai dace da shi ba, kuma ba ya maye gurbin allo da alli. Amma malamin da ke son gwadawa ba sai ya jira bangon gilashi ba: tambaya guda ta gaske, lokacin gyara, da ranar da iyaye za su zo su gani, sun isa a fara.